Shekarar da Tungar Labbo Ta Fi Turai

Ina tankaɗen garin tuwo maigidana, Malam Abdussamadu, ya shigo yana dariya tun daga zaure, irin dariyar da mutum ke yi shi kaɗai a hanya har yara su tsaya kallonsa. Lokacin ba mu daɗe da tarewa a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi ba. An yanke mana sabuwar jiha daga Sakkwato, aka kwaso ma'aikata aka zube a Birnin Kebbi, ofis babu kujera, gidan haya sai da kamun ƙafa. Shi yana sashen tsare-tsare, ni kuma ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti.

"Albishirinki," ya ce.

"Goro."

"Garinku ya hi Turai."

Na ajiye rariya na dube shi. Garinmu dai Tungar Labbo ne, ƙauyen da ke hayin gulbi in ka wuce Argungu. Shinkafa muke nomawa da damina, albasa da rani. In ruwa ya cika fadama, duk mai son fita sai ya shiga jirgin Sarkawa masunta. Ta ina irin wannan wuri zai fi Turai, in ba a yawan sauro ba?

Ya zauna a kan turmi ya ba ni labari. Watannin baya wata ƙungiya ta ƙasashen waje ta bi garuruwan bakin ruwa a ƙasashe huɗu, Mali da Nijar da Benin da Najeriya, tana auna yadda mutane ke rayuwa. Me ake ci, wane ruwa ake sha, a kan me ake kwana, yara nawa aka haifa, nawa suka rasu tun suna ƙanana. Sai su jera gari da gari, ƙasa da ƙasa, har su gwada da ƙasashen Turawa. A kowace ƙasa, ƙauyen da aka ga ya fi wahala za a gina masa ɗakin haihuwa, a kawo ungozoma mai horo ta zauna. A ɓangarenmu an shiga ƙauyuka da dama, har da Tungar Labbo. Ranar nan ne aka karanta musu sakamako a wurin taro.

"Kowane gida akwai gadon ƙarhe da rediyo," in ji shi, yana share hawayen dariya. "Nama kullum. Kuma babu yaro ko guda da yar rasu. Ko ƙasar masu tambayar ana rasa jarirai jefi-jefi, amma Tungar Labbo ko ɗaya."

Ni ban yi dariya ba. Raina ne ya ɓaci. Ƙanwata Sauda tana aure a can. Haihuwarta biyu, babu ko ɗaya a raye. Na biyun a cikin jirgi ya cika, ana tuƙi da ita zuwa Argungu, naƙuda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tun ana ganin ungozomar gida za ta iya. Ga shi yanzu tana da wani cikin, kuma lissafina ya nuna zai faɗo daidai lokacin da gulbi ke cika. Ɗakin haihuwar nan ba ado ba ne a wurina. Ran ƙanwata ne da na abin da za ta haifa, wannan da na gaba.

Da Malam ya ga fuskata, sai ya haɗiye sauran dariyarsa. Ya ce ai magana ba ta ƙare ba. Matar da ke haɗa lissafin ba ta yarda ba, ta ce za ta je da ƙafarta ta gani kafin a rufe.

Washegari na je na same ta a masaukinsu. Maimuna sunanta, mutuniyar Dosso, doguwa, mai magana a hankali kamar ba ta son kalmominta su yi karo da juna. Ta yi wannan aiki a Gaya ta Nijar, ta yi a bakin kogin Mali. Hausarta irin ta Nijar ce, makaranta lakwal take cewa.

Ban gama zama ba na fara. Na ce ƙarya ce, duk abin da aka rubuta ƙarya ce, ni 'yar garin ce.

"Na sani," ta ce. "Babu garin da yara ba su mutuwa. Amma waɗanda anka tura maza ne, sun tsaya bakin zaure, masu gida sun ba su amsa. Ni kuma ba ni iya rubuta abin da ba a hwaɗa mani ba. In kin ba ni lissahi daga kanki, gobe wani shi kawo na garinsu daga kanshi. Sai uwayen sun hwaɗi, ina ji."

Na ce in dai wannan ne, ta ɗauka an gama. Ni da uwata da 'yan'uwana? Ta yi murmushi kawai. Sai daga baya na gane ma'anar murmushin.

Na riga ta tafiya. Na hau mota zuwa Argungu, na sayi goro da sabulu a kasuwa, na hau babur zuwa mashaya, na shiga jirgi. Ruwa bai cika ba tukuna, ana yaɗa irin shinkafa a fadama. Tun a cikin jirgin na tarar labari ya riga ni. Matuƙin ma sai da ya taya ni murna, wai an ce a duk ƙasashe huɗu mu ne na ɗaya.

Sauda ce ta warware mini zancen gado da rediyo, muna zaune a ɗakinta tana tsince shinkafa. Da aka ji baƙi za su zo duba gidaje, Baffa Hodi mai gari, wan marigayi mahaifinmu, ya tara maza ya ce kada wanda ya kuskura ya tona wa gari asiri. Gadon ƙarfe biyu ne a duk Tungar Labbo, rediyo mai aiki uku. Sai aka raba samari. Baƙi na fita ta ƙofar gida suna gaisawa da mai gida, samari na tsallakar da gado ta kan dangar baya zuwa gida na gaba. Rediyo kuwa a cikin kwando ake miƙa shi, ko kashe shi ba a yi. Aka yanka rago, aka raba romo gida-gida don ƙamshi ya tashi.

"Gadon Malam Abu har ƙahwa guda ta karye wajen tsallakawa," in ji Sauda. "Dutse anka sa mata. Gida goma sha yana yawo da dutsenshi."

Duk da fushina sai da na yi dariya. Ita ma ta yi, tana riƙe da ciki. Sai na ce, "To, zancen yara fa?"

Dariyar ta ɗauke. Ta mai da kanta kan faifai.

"Sun tambayi maigida. Ya ce alhamdulillahi."

"Ke fa, da ke anka tambaya?"

"Yaya, mi zan ce? Alhamdulillahi na."

Wanda bai tashi a cikinmu ba ba zai gane ba. Mu ba ma ƙirga 'ya'ya. Ka tambayi mace 'ya'yanta nawa, ta ce suna nan. Waɗanda suka rasu kuwa, ba a ma ɗauko zancensu. An yi wanka, an binne, an yi gaisuwa, an ce Allah ya sa mai ceto ne, shi ke nan an rufe. Uwar da ta zauna tana lissafa nawa ta rasa, a ganinmu tana kai ƙarar Ubangiji ne wurin mutane. Ba taurin zuciya ba ne. Na ga matan nan suna kuka a bayan ɗaki, inda babu mai gani. Amma bakin ba ya faɗi.

Da la'asar na tafi wurin Baffa Hodi. Na tarar da shi a rumfarsa, ya sha rawani, fuska sai ƙyalli. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa goro. Na yi niyyar bi a hankali, Allah ya sani na yi niyya. Amma da ya ce ai ya ji 'yan Nijar can ƙasa suke, mu muna sama, sai niyyar ta gudu.

"Baffa, na sama ba a ba shi komi. Na ƙasa aka gina ma ɗakin haihuwa."

"To sai mu yi tsirara gaban baƙi don a ba mu gini?"

"Ba tsirara ba ne, gaskiya ce."

"Mansura," ya ce, ya ɗaga mini yatsa. "Muna da dangi Gaya. Muna kai musu albasa, suna zowa biki. So kike a karanta musu cewa Tungar Labbo ta hi kowa talauci? Tun kakanninmu, baƙo bai taɓa kwana garin ga ya ga babu ba. Ba a kaina za a hwara ba."

Na ce masa rufin asirin da ake binne jarirai a ƙarƙashinsa ban ga amfaninsa ba. Wannan magana ta yi nauyi a gaban dattijo, kuma na ga ta shige shi. Ya kau da kai ya ce baƙuwa dai in ta zo ba zai hana ta ganin mata ba, don ba a korar baƙo. Abin da mata za su faɗa kuwa, ya san matan garinsa.

Ya san su kuwa. Na fara da Inna, mahaifiyarmu. Tana bakin murhu tana tuƙa tuwon shinkafa, na zayyana mata komai, tun daga Mali har Turai. Ta saurare ni har na gaji don kaina.

"Kin gama?"

"Na gama."

"Miƙo mani mara."

Na miƙa mata, ta kwashe tuwonta. Sai da ta rufe kwano sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Wanda yab ba ni, shi yak karɓi abinshi. Ba ni zama gaban baƙuwa in ƙirga mishi."

Na bi gidaje har magariba. Kowa ta karɓe ni da fara'a, ta ba ni fura, ta tambayi maigidana da birni. Da na ɗauko zancen sai a tuna an bar tukunya a kan wuta.

Washegari Maimuna ta iso da hantsi, ita kaɗai, da 'yar jakarta. Baffa ya tarbe ta da kyau. Na lura an sake fito da rediyo an ajiye a bakin rumfa, amma gadon Malam Abu dai an bar shi ya huta. Aka tara mata a tsakar gidan Inna, ƙarƙashin darbejiya, aka shimfiɗa tabarmi. Sun zo da yawa, kowa da goyonta ko jikanta. Maza suka koma waje.

Maimuna ta iya zama da mutane, wannan kam na ba ta. Ta tube takalmi ta zauna a tabarma, ta sha fura har ta nemi ƙari. Ta fara da ruwa. Nan take mata suka buɗe baki, suka ce na gulbi ake sha, rijiya ɗaya ce kuma tana ƙafewa. Ta tambayi nama, aka kwashe da dariya, wata ta ce ai tun ragon baƙi ba a sake gani ba, kifi dai Allah ya sa wa gulbi albarka. Zancen gado ma da kansu suka tona, suna tafa hannu. Zuciyata ta fara sanyi, na ce ashe abin ba wuya.

Sai ta juya wurin matar da ke kusa da ita, ta ce, "Baiwar Allah, haihuwa nawa kinka yi?"

"Suna nan."

"Akwai waɗanda sunka koma?"

"Alhamdulillahi."

Ta biyu ma haka. Ta uku ko amsawa ba ta yi ba, ta gyara goyonta ta dubi ƙasa. Tsakar gidan da ke cike da dariya ya yi tsit, sai kukan kaji.

Ni kuma na tashi tsaye. Da na sani da na zauna, amma ban iya ba, haka Allah ya yi ni. Na ce musu wace irin kunya ce wannan. Na ce ni na san gidan da aka fitar da gawa a kan faifai, na san wadda ta haihu a jirgi. Na ce garin da ya fi kowa faɗin gaskiya shi zai samu ungozoma, su kuma su ci gaba da alhamdulillahi har su ƙare. Wata tsohuwa ta ce a'uzubillahi. Biyu suka miƙe suna karkaɗe zane. Inna ta watsa mini wani kallo da rabona da shi tun ina yarinya, na koma na zauna.

Maimuna ta bari ƙura ta lafa. Sannan ta ce, da muryar nan tata mai sanyi, ba ta zo ta tilasta kowa ba. Ta ce ita ma uwa ce, ta san abin da ake ji. Abin da kunnenta ya ji shi za ta kai, kuma ta gode da fura. Ta fara neman takalminta.

A nan ne Sauda ta ce, "Dakata."

Kowa ya juya. Tana zaune ta jingina da bangon ɗaki saboda nauyin ciki. Ƙanwata ba mai magana a taro ba ce, ko a gida sai ka matsa kusa kake jin ta. Ta buɗe baki ta ce, "Ni..." Sai muryar ta maƙale. Ta sake gwadawa, babu abin da ya fito. Ta dafa cikinta da hannu biyu, hawaye na zuba, tana ta ƙoƙarin tura kalmar waje, kalmar ta ƙi. Ban taɓa jin tausayin ɗan Adam kamar yadda na ji nata a lokacin ba.

"Rufe bakinki," in ji Inna.

Na ɗauka tsawatarwa ce, har na yunƙura. Amma Inna ba Sauda take kallo ba, Maimuna take kallo.

"Ita ba ta iya hwaɗi, ita ta haihe su. Ni ina iyawa, ba daga cikina sunka hito ba. Biyu ne. Ta hwari mace, ta kwana uku. Na biyu namiji, cikin jirgi, bai ko yi kuka ba. Ni nir riƙe shi har munka kai gaɓa."

Maimuna ta saki takalmin. Ta dubi Sauda ta ce, "In ba haka ba ne, girgiza kai." Sauda ba ta girgiza ba. Maimuna ta rubuta.

Sai Gwaggo Tamba, maƙwabciyar Inna wadda aka kawo su aure garin nan a shekara ɗaya, ta tofar da goron bakinta ta ce, "To, Riskuwa, tunda haka kinka ɓullo, naki ni ke da su."

Riskuwa sunan Inna ne. Ta ja gyalenta ta rufe rabin fuska, ba ta ce a'a ba.

"Kahin wagga mai bakin tsiya," Gwaggo ta nuna ni da haɓa, "akwai biyu. Na hwari Sunusi anka sa mishi. Ya kai ga rarrahe, ƙyanda tad ɗauke shi. Ta biyu ba ta kai suna ba. Bayan Mansura kuma akwai guda, zazzaɓi, da damina, ruwa ya rufe hanya. Ni niy yi musu wanka duka."

Na san da na bayana, don ina da wayo lokacin. Amma biyun farko, wallahi ban taɓa ji ba. Na girma ina ɗaukar kaina babbar 'yar Inna. Ashe ina da wa, har da suna, har ya yi rarrafe a tsakar gidan nan da nake zaune. Na dubi Inna. Idonta a ƙasa, tana murza bakin tabarma da yatsa. Duk masifar da na zo da ita daga birni ta zube, na rasa inda zan sa fuskata. Matar da nake yi wa ihu a kan ta ƙi magana, ashe abin da take ɗauke da shi ya fi abin da na sani.

Inna ta ɗago ta ce, "Tamba kuma huɗu."

Daga nan abin ya kama hanya da kansa. Kowace mace ta juya ga ta kusa da ita. Babu wadda ta faɗi nata, babu kuma wadda aka manta da nata, don a garinmu ba a haihuwa ba a mutuwa sai maƙwabta na nan. Wadda ta kai ruwan zafi ta tuna, wadda ta daka hatsin gaisuwa ta tuna. Har gardama aka riƙa yi, wannan ta ce shekarar babban ruwa ne, waccan ta ce a'a, shekarar da tsuntsaye suka cinye shinkafa. Matan nan biyu da suka tashi suka dawo suka zauna. Sunayen da aka daɗe ba a kira ba suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, Sirajo, Baiwa, Ni'imatullahi, uwayensu na jin su daga bakin wasu, suna share ido da gefen zane. Wata ta ce, "Ashe kin tuna shi?" Aka ce mata, "Yaro mai wushirya, wa ka mance shi?" Sai ta yi dariya tana kuka.

Na rayayyu ma haka aka yi, maƙwabciya ta lissafa, uwa ta yi shiru. Rana ta take tsaka kafin a gama.

Da na fito raka Maimuna, na ga Baffa Hodi tsaye a jikin danga, inda ake jin duk abin da ake faɗa a ciki. Ban san tun yaushe yake wurin ba. An lissafa na gidansa, kuma ba kaɗan ba ne. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Amma sai ya dubi Maimuna ya ce a gaida mutanen Dosso, ya sa aka saka mata albasa da busasshen kifi a jirgi.

Kafin ruwa ya cika na koma na ɗauko Sauda. Mijinta ya so ya yi gardama, Inna ta aika masa da magana guda, ya kawo kayanta bakin jirgi da kansa. A asibitinmu ta haihu. Yaron a karkace ya zo, irin zuwan da ya ci wansa, amma wannan karon akwai hannun da ya san yadda ake juyawa. Ya fito yana tsala ihu, har Malam Abdussamadu da ke waje ya ce wannan kam ya gado ni. Aka sa masa Mujtaba.

Ana cikin wankan jego sakamako ya fito. Malam ya shigo, wannan karon ba dariya, ya ce Tungar Labbo ta faɗo daga sama har ƙasa. A duk ƙauyukan da aka auna a ɓangaren Najeriya mu ne na ƙarshe, kuma a ƙasashen huɗu kaɗan ne suka fi mu rasa yara. Ya faɗe shi a hankali, kamar mai kawo saƙon rasuwa. Inna da ta zo zaman jego tana bakin ƙofa. Ta ce, "Na ƙarshe shi aka gina ma?" Ya ce e. Sai Inna ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, har maƙwabta suka leƙo suna tambayar ko wata haihuwar aka yi. An ce da labari ya kai gari, haka mata suka yi ta yi gida-gida. Ban taɓa jin inda aka yi wa zuwa na ƙarshe guɗa ba sai a garinmu.

Baffa ya yi kwanaki ba ya fita rumfa. Dangin Gaya kuwa, da ya je kai albasa, ba su yi masa dariya ba. Tambayarsa suka yi yadda aka yi matan garinsa suka yi magana, don su nasu sun ƙi. Da masu gini suka zo neman wurin da ruwa ba ya kaiwa, shi ya kai su tudun da yake shanya albasarsa, wuri mafi kyau a garin, ya ce su auna. Har yau dai bai yarda ya yi kuskure ba. Cewa yake yi da ma ya san a ƙarshe mu za a ba.

Ɗaki biyu ne da rumfa, da rijiya a gefe. Ba Turai ba ne. Amma akwai ungozoma da ke kwana a ciki, akwai allurar rigakafi, kuma tana gane cikin da ya kamata a tsallakar da shi Argungu tun ruwa bai rufe hanya ba.

Bayan an buɗe, Maimuna ta dawo sake awo, don su ga ko abin ya canja wani abu. Na ɗauki hutu na bi ta. Aka taru a rumfar sabon ginin, mata suka zauna bibbiyu, kowa kusa da wadda za ta yi mata magana, don yanzu sun san tsarin. Da aka zo kan Sauda, Inna ta gyara zama za ta fara. Sauda ta dafa mata gwiwa.

Mujtaba na tsaye a jikinta, ya kama zanenta yana koyon tsayuwa. Ta dubi Maimuna, muryarta ƙasa-ƙasa kamar kullum, amma ba ta rawa.

"Uku na haihwa. Biyu sun koma ga Mai su. Ga na ukun."

Na saci kallon Inna, ina jiran ta tsawatar. Ta daɗe tana kallon 'yarta. Sannan ta miƙa hannu ta ɗauki yaron ta ɗora a cinya, ta ce wa Maimuna, "Kin ji ta. Rubuta."